Kwalbar Maman Joshua

Malam Sagir mutum ne da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Shekara goma sha tara yana koyar da Larabci a wata sakandare cikin Katsina, shekarun aurensa da Fadila ke nan cif, kuma in ba ƙishi ya kai shi bakin randa ba, ba abin da ke haɗa shi da kicin. Ana tsakiyar bazara mahaifiyar Fadila ta zame a banɗaki can Batagarawa ta karye a ƙugu. Da hantsi aka bugo waya, kafin azahar Fadila ta ɗaure kaya ta tafi jinya. Ɗansu tilo, Abba, yana karatu a Zariya. Gidan na Ƙofar Durbi ya rage daga Malam sai kaji uku.

Washegari taransifomar unguwa ta ƙone.

Rana ta huɗu ya dawo daga makaranta, tun daga zaure wari ya tare shi. Ya bi shi har gaban firji. Miyar kuka ta yi kumfa, ragowar nama ya sauya launi, tumatir ya narke a cikin ledarsa. Yana fitar da su ɗaya bayan ɗaya, hannun riga a hanci, sai can ciki ya ci karo da wata babbar kwalba mai faɗin baki, an naɗe ta a baƙar leda. Ya kware ledar. Wani abu fari mai kauri ya kwanta a ƙasa, a samansa kuma ruwa mai duhu kamar shayin da ya kwana, ya kai kaurin yatsu biyu. Da ya murɗa murfin sai kwalbar ta yi huci, abin ya doki hancinsa.

Ya san warin nan. Lokacin bautar ƙasa, a wani ƙauye can Binuwai, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da gidan wata mata mai dafa burkutu. Shekara guda da shi yake kwana, da shi yake tashi. Ko a mafarki ba zai ɓace masa ba.

Ya zauna a kan turmi da kwalbar a hannu. Ya karanta innalillahi a hankali, ya sake shinshinawa ko hancinsa ne ya yi masa ƙarya. Bai yi ba.

Daga nan zuciya ta shiga kawo masa shaidu. Makon da ya wuce ya ga Fadila tana rufe ƙofar kicin da safe, abin da ba ta saba ba, ta fito tana wanke cokali. Ga kuma ƙawancenta da Lami, maƙwabciyarsu mutuniyar Filato wadda ake kira Maman Joshua, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da mijinta ya rasu shekarun baya. Kullum suna tare, ana ta dariya ta kan katanga. Shi bai taɓa ganin aibin matar ba. Amma me ya sa aka naɗe kwalba a leda, aka tura ta can bayan komai?

Ya miƙe ya nufi makwarara, ya juye abin da ke ciki kaf. Ya bi shi da bokiti uku na ruwa. Kwalbar kuwa sau bakwai ya wanke ta, har da ƙasa ya dirje, ya kife ta a kan katanga cikin rana. Ya sake alwala. A masallaci ranar liman bai zo la'asar ba, aka tura Malam gaba, ya tashi a inda ya kamata ya zauna, sai da mamu suka yi masa subhanallahi. Tunda yake jan salla hakan bai taɓa faruwa da shi ba.

Kwana biyu yana kiran Fadila safe da yamma. Ya tambayi jikin Inna, ya tambayi abin da likita ya ce, amma maganar kwalbar ba ya kawo ta. Ita kuwa muryarta ɗaya ce da ta kullum, har tana tambayarsa ko ya ba kaji dusa. Wannan ya fi komai ɗaure masa kai.

Ranar Juma'a ƙanwarta Rahama ta karɓe ta jinyar, Fadila ta dawo gida bayan an sauko daga masallaci. Ta yi sallama, suka gaisa, ta ajiye jaka ta nufi kicin. Ba ta kai ba ta tsaya cak a tsakar gida. Ta ga kwalbar a kife.

"Malam, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne."

"Ina abin da ke ciki?"

"Yana inda ya dace da shi." Ya nuna mata tabarma. "Zauna, Fadila. Ba zan ɗaga murya ba, kuma ban faɗa ma kowa ba. Tsakaninki da Allah, tun yaushe?"

"Tun yaushe mi?"

"Na san warin. Na zauna kusa da masu dafa shi."

Ta dube shi, ta dubi kwalbar, ta sake dubansa. Ya ga lokacin da maganar ta isa gare ta, don gyalen da ke hannunta ya sulale ƙasa ba ta ko kula ba.

"Giya kake nufi," ta ce. "Ni."



Ba ta zauna ba. A tsaye ta yi masa bayani, muryarta a daidaice kamar mai karanta takarda. Iri ne, in ji ta, irin burodi. Yadda ake ajiye ɗan tsohon nono a zuba cikin sabuwar madara ta zama kindirmo, haka shi ma. Gari ne da ruwa kawai, babu na uku. Ana ba shi sabon gari yana ci yana tashi, a ɗebi kaɗan a kwaɓa burodi ba tare da yis na kanti ba. In aka bar shi da yunwa cikin zafi, sai ya fid da wannan ruwa mai duhu mai kaifin wari, a tsiyaye shi a ba shi abinci ya farfaɗo. Ledar kuwa don kada warin daddawa ya shige shi ne, ƙofar kicin kuma saboda kaji.

"Burodin da Maman Joshua ke aiko mana duk Asabar, wanda kake cewa ya fi na kanti zama a ciki, da mi kake zaton ake yinsa?"

 Shekara shida Malam Sagir yana cin burodin nan da shayi. Kuma ba sai an faɗa masa hukunci ba, shi ke koya wa yara. Ƙullun masa ma kwana yake yi ya yi tsami, gasarar koko haka, ba wanda ya taɓa kiransu abin maye.

"Ai sai a sake wani," ya ce.

"Na mahaifiyar Lami ne."

Sai a lokacin ya tuna dalilin da gidan maƙwabtan yake rufe. Mako biyu ke nan da Lami ta tafi Fankshin binne mahaifiyarta. Shi da kansa ya yi mata ta'aziyya a bakin ƙofa ranar da za ta hau mota.

"Tsohuwar ce ta haɗa shi tun Lami tana 'yar firamare," in ji Fadila. "Da za a kawo ta Katsina amarya ta ɗibar mata a kwalba, a cinya ta riƙo shi har nan. Ya haura shekara arba'in. Na can gida ya mutu tun da tsohuwar ta makance ta daina gashi. Wannan kaɗai ya rage. Da hannunta ta kawo mani shi, ta ce ba ta yarda da kowa ba sai ni."

Ta taka zuwa makwarara ta tsuguna. Ta daɗe tana duban simintin. Ya bushe ƙarau, ko alamar fari babu.

"Laifina ne da ban faɗa maka ba, hankalina yana kan Inna," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Batun Lami kuwa ni zan san yadda zan dubi idonta. Amma shekara goma sha tara, Malam. Waya tana hannunka, sau biyu kake kirana a yini."

Ta ɗauki gyalenta ta shige ɗaki. Ya zauna a tsakar gida har aka kira magariba.

Da safe ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya tambayi yadda ake haɗawa. Ta amsa tana ninke kaya, ba ta ɗago ba. Garin alkama da dusarsa, ludayi ɗaya. Ruwan rijiya ludayi ɗaya, ba na famfo ba, don maganin da ake sa masa yana kashe shi. A juya, a rufe sama-sama kada a ɗaure. Kullum a zubar da rabi a ƙara sabo.

"Sai mi kuma?"

"Sai jira. Lami za ta dawo nan da kwana goma sha biyu."

Ya je kasuwa ya auno alkama mudu biyu, ya kai inji da kansa. Sammani mai inji, wanda ya san shi a sahun gaba na masallaci, ya gan shi tsaye a layin mata da kwano a hannu, ya kashe injin don ya tabbatar lafiya. Malam ya ce lafiya lau, a niƙa kada a tankaɗe.

Ya kwaɓa a kwalbar nan dai, ya ɗaura mata roba a daidai inda kwaɓin ya tsaya, ya ajiye a kan kanta. Ranar farko ba abin da ya faru. Rana ta biyu ya dawo daga masallaci ya tarar abin ya ture murfi, ya malalo ta gefe har ƙasa, yana wani irin ɗoyi kamar aman jariri. Ya tsaya baki buɗe. Ya kira Fadila.

Ta leƙo, ta dubi kwalbar.

"Ba shi ba ne. Ƙarya yake yi maka. Gobe zai kwanta."

Ya kuwa kwanta. Kwana uku kwaɓin yana nan a daidai roba kamar laka, ko ƙwayar kumfa babu. Malam ya shiga hawa babur lokacin hutun tara ya zo gida ya duba ya koma aji. Ya sauya cokali, ya sauya rijiya, ya ɗebo daga gidan liman. Ya fara tunanin ko hannunsa ne abin ya ƙi. Zubar da rabin nan kuma ya zame masa azaba, duk lokacin da ya nufi makwarara da cokali sai ya tuna wancan da ya juye. Rana ta biyar ya ga Fadila ta ajiye ɗan kwano kusa da kwalbar. Ya gane, ya riƙa zubawa a ciki, ita kuma tana soya shi da albasa da attarugu kamar wainar fulawa ta ajiye masa a faranti. Magana dai daga gaisuwa sai abin da ya zama dole.

Rana ta shida ya nemi kwalbar a kan kanta ya rasa, sai ya same ta a kan jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa.

"Zafi ya yi masa yawa," Fadila ta ce daga bakin murhu. "Ka riƙa ba shi sau biyu, safe da yamma."

Rana ta takwas ta faɗo Asabar, ba makaranta. Bayan ya karya ya ba kwaɓin gari, ya ɗauko kujera da takardun jarrabawar ɗalibai ya zauna kusa da randa. Ya duba takarda goma, ya ɗaga ido, ya ga ƙananan ramuka a jikin gilashin. Ya duba wasu goma, kwaɓin ya haura roba da faɗin yatsa. Daga nan bai ƙara taɓa biro ba. A gaban idonsa abin ya riƙa hawa a hankali, samansa ya yi tozo, kumfa na tasowa tana fashewa ba sauti. Kafin azahar ya ninka kansa. Warin ma ya sauya, ya koma tsami mai daɗi irin na fura da nono.

 Shi ya auno alkamar, shi ya ja ruwan, ya san bai sa komai ba. Sau nawa ya karanta wa ɗalibai ayoyin fitar da rayayye daga matacce, ya fassara, ya ba da maki, amma bai taɓa zama ya kalli abu yana motsi daga gari da ruwa ba. Ya kuma tuna wancan da ya juye, wanda aka yi ta ba abinci tun kafin shi ya shiga makarantar allo, hannu ya bar wa hannu. Bai kai minti ɗaya ba ya gama da shi.

Fadila ta zo da kofin ruwa, ta ɗebi kaɗan a cokali ta saka. Ya yi iyo a sama bai nutse ba.

"Ya kama," ta ce. Ta koma kicin.

Lami ta dawo ranar Laraba. Fadila ta yafa mayafi za ta shiga ita kaɗai, Malam ya ce tare za su je, kuma shi zai yi magana. Bayan la'asar suka yi sallama. Lami ta rame, tana sanye da baƙin zane, ta shimfiɗa masu tabarma a baranda. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen gida, aka yi ya haƙuri. Ta ba su labarin jana'izar, yadda coci ya cika har waje. Ta tambayi jikin Inna. Sannan ta ga kwalbar a gefen Malam, fuskarta ta ɗan saki karon farko.

"Kai, Malam da kansa ya ɗauko mini ɗan amanata? Bai ba ku wahala ba dai?"

Fadila ta sunkuyar da kai. A hanya Malam ya tsara yadda zai fara, da batun wuta da zafi da lalacewar firji. Da ya buɗe baki sai ya bar duk wannan.

"Maman Joshua, wanga ba naki ba ne. Naki ni na zubar da shi. Na same shi ya yi ruwa a sama, na ji warinsa, na zaci giya ce. Na zargi matata, na zarge ki ke ma a zuciyata. Ban tambayi kowa ba. Wanga ni na haɗa shi, yau kwanansa goma sha biyu."

Lami ba ta motsa ba. Murmushin bai gama barin fuskarta ba, ya tsaya a nan kamar an manta da shi.

"Ka zubar," ta ce.

"Na zubar."

"Duka?"

"Duka. Na wanke kwalbar."

Ta dubi Fadila, Fadila ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta. Lami ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba su ji kuka ba, ba su ji komai ba. Suka zauna. Inuwar katanga ta taso daga bakin tabarma har ta rufe ƙafafun Malam. Sau biyu Fadila ta yunƙura za ta bi ta, ta fasa.

Da ta fito idanunta sun kaɗa. Ta zauna, ta jawo kwalbar, ta buɗe ta kai hanci. Ta lakato da ɗan yatsa ta ɗanɗana.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Na Mama yana da sanyi a baki. Wannan yana da kaifi, yaro ne." Ta mayar da murfin. "A mota ina ta cewa, ko ba komai in na isa gida akwai abin da hannunta ya taɓa. Na yi niyyar in ɗibar wa Deborah ranar aurenta, yadda aka yi mini."

Deborah ita ce autarta, bikinta saura wata huɗu. Malam ya rasa inda zai sa idonsa.

"Da ka kawo shi ka yi shiru, da na gane ina buɗewa," in ji Lami. "Wannan kam ka kyauta da ka faɗa. Amma giya, Malam? Shekara nawa muna katanga ɗaya?"

"Ba ni da abin cewa. Ki yafe mani."

"Ba zan ce maka na yafe yau ba, don zai zama ƙarya. Ka ba ni lokaci." Ta juya kwalbar a hannunta, tana duban ramukan da ke jikin gilashin. "Yaushe ka ba shi abinci?"

"Da safe."

"To lokacinsa ya yi."

Ta tashi da kwalbar ta nufi kicin. Suka gane sallama ke nan.

A zauren gidansu Malam ya tsayar da Fadila. Ya ce abin da ya faɗa a can, ita ya kamata ya fara faɗa wa, kuma ya nemi gafararta da kalmomi a fili, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ta saurare shi har ya gama.

"Na ji," ta ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ka sani ya yi mani ciwo, kuma bai daina ba tukuna."

Wata guda Lami ba ta leƙo ta katanga ba. In suka haɗu da Malam a lungu takan amsa gaisuwa a taƙaice ta wuce. Fadila ce ke shiga wurinta, ta dawo ba ta ce komai ba, shi ma ba ya tambaya.

Ranar da aka yi ruwan farko, da yamma yana goge laka daga jikin babur a ƙofar gida, sai ga Lami ta dawo daga coci da lema a hannu. Ta gaishe shi, ta yi taku biyu, ta tsaya.

"Malam, alkamar nan da ka haɗa shi da ita, a ina ka saya? Na ba shi fulawar kanti, ya ƙi tashi yadda ya kamata."

Ya faɗa mata rumfar da sunan mai awon.

"In za ka shiga kasuwa ka auno mini mudu biyu. Kada a tankaɗe."

Ya ce yanzu ma zai shiga. Ya leƙa gida ya ce wa Fadila ta ba shi kwano mai murfi, ya tayar da babur, ya bi ta cikin taɓo ya nufi kasuwa kafin a tashi.